Yadda Bashmuhandis Uzairu Ya Ciwo wa Gadarif Kofin Duniya

Duk wanda ya shiga Gadarif ya fita bai ga Bashmuhandis Uzairu Wada ba, buhunan dawa da riɗi kawai ya gani, bai ga gari ba. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwa iri-iri, kuma saboda tsabar karamci bai taɓa ɓoye wa jama'a ko ɗaya ba. Dogo ne in yana zaune. Yana da tumbi mai riga shi shiga ɗaki, da murya mai riga tumbin. Shagonsa na bakin tashar motocin Doka, inda yake sayar da batura da farantan sola. A saman ƙofar an rubuta sunansa sau biyu, da Larabci da boko, don kada wani ya fake da rashin sani.

Bashmuhandis a bakin mutanen nan babban injiniya ke nan. Masu hassada suna cewa a aji biyu na sakandare ya ajiye karatu. Gaskiya ne, amma ya sha bayyana dalili: ya lura malaman sun fara faɗin abubuwan da ya riga ya sani a zuciyarsa, ya ga bai kamata ya ci gaba da kunyata su ba. Laƙabin ma ba roƙonsa ya yi ba. Wata shekara fankar diwan, wato ɗakin baƙi, na Omda mai unguwarsu ta tsaya cik ana tsakiyar zafi. Uzairu ya zo ya tsaya a ƙarƙashinta, ya riƙe ƙugu, ya dube ta sosai. Sai aka dawo da wuta. Tun daga ranar, in ka kira shi Uzairu zalla, ba ya juyowa.

Da yaƙi ya ɓarke a Khartum, ƙanwar Lami, matarsa, ta dawo musu da zama. Sunanta Hanadi, tana shekara ta huɗu a karatun zanen gine-gine aka rufe makarantar. Ta iso da jaka ɗaya da kwamfuta naɗe cikin mayafi. Wata biyu ba ta cika magana ba, sai dai ta zauna ƙarƙashin darbejiya tana kallon bango. Daga baya ta sami abin da ya riƙe ta.

Akwai wani tsohon shirin talabijin da suke kallo suna yara, wanda aka juya zuwa Larabci, labarin wasu matafiya masu yawo tsakanin taurari a cikin jirgi mai kama da kifi sanye da zobe. An daɗe da daina shirin, an rushe ɗakunan kwali da aka ɗauke shi a ciki. Amma masoyansa a ƙasashe daban-daban sun haɗu a intanet suna sake gina jiragen a kwamfuta, ɗaki bayan ɗaki, yadda mutum zai iya shiga ya zagaya yana kallo a allo. Hanadi ta ɗauki jirgin kifin. Takan tsayar da fim ta ƙirga maɓallai, ta auna tsayin ƙofa da tsayin ɗan wasan da ke wucewa ta cikinta, ta zana, ta goge, ta sake zanawa. Khalid, wani magidanci mai gyaran waya da ya gudo daga Madani da iyalinsa, shi ya ɗauki fenti da fitilu. Wuta a Gadarif baƙuwa ce, ta zo ta gaisa ta tafi. Wuri ɗaya ne ba ta yankewa, diwan ɗin mai sayar da sola. Nan suka kafa teburinsu.

Da farko Bashmuhandis ya kira abin wasan yara, ya ce batirinsa kawai ake sha. Sai wata rana da hantsi ya gitta ta bayansu ya hango ɗakin tuƙi a allo. Kujeru takwas a jere a ƙasa, ga wata guda a tsakiya kan dakali, mai hannuwa biyu masu faɗi. Ya tambayi ta wane ne. Hanadi ta ce ta kaftin ce. Ya tambaya wane maɓalli kaftin yake dannawa. Ta ce ba ya danna ko ɗaya, nuni yake yi da yatsa wasu su danna. Uzairu ya zuba wa kujerar ido, irin kallon mutumin da ya kai shekara arba'in da bakwai sannan ya gano abin da aka halicce shi dominsa.

Kafin sati ya zagayo, jirgin ya zama "jirgina".

Ya sa aka shigo masa da kujerar roba ya ɗora ta kan akwatin batir a bayansu, don ya ga aiki daga sama. "Ku kun iya latse-latse," ya ce musu, "amma jirgi ba da yatsa ake gina shi ba. Da kai ake gina shi. Kan kuma ga shi nan Allah ya kawo muku har gida."

Nan take kan ya fara aiki. Ya gano jirgin ba shi da ham. "Jirgi mai tsawon nan da Gallabat, ba ham? In tauraruwa ta tare hanya, tafi za ku yi mata?" Ya gano ba safaya. Khalid ya ce ai jirgin ba shi da taya ko ɗaya. Bashmuhandis ya ce wannan shi ne babban dalilin da ya sa ake buƙatar safaya. Ya nemi a ɗora ƙarfen ɗaure kaya a rufi, a faɗaɗa kujerar kaftin da taku biyu, a ajiye angareb, gadon nan na igiya, a bayanta don hutun azahar, da ɗan murhun gawayi na dafa jabana, gahawar mutanen nan. A bayan jirgin kuma a rubuta Al-Uzairiyya da fenti mai launi uku, kamar yadda ake yi wa manyan motocin ɗaukar riɗi.

Hanadi ta yi masa bayani a hankali cewa aikin duka kwaikwayo ne, ana so ya fito daidai da na cikin fim, kuma masoyan shirin sun taɓa yin wata huɗu suna jayayya kan wani maɓalli, ja ne ko ruwan lemo. Ya ce wannan ya nuna ba su da shugaba. Ita kuwa tana buƙatar wutarsa, kuma a gidansa take cin tuwo. Sai ta raba jirgin biyu. Na gaske tana ginawa in ya tafi shago. Na Kaftin, mai ham da safaya da angareb, shi ake buɗewa in an ji muryarsa a ƙofar gida. Da yake muryar takan iso minti biyu kafin shi, ba a taɓa kama su ba.

Kaftin ba ya yiwuwa ba kaki. Tela ya ɗinka masa farar jallabiya mai kafaɗun kwali, da taurari uku-uku na zare mai walƙiya. Duk ranar da aka kammala sabon ɗaki a jirgin yakan ƙara wa kansa girma, har taurarin suka cika kafaɗa suka fara gangarowa hannu. 'Yan tasha suka sa masa Kwamandan Sama da Kewaye. Wasu suka taƙaita suka ce Janar Batir. Ya ji duka biyun, ya karɓe su a matsayin ƙaunar talakawa.

A rumfar Halima mai shayi yake ba da rahoto kowace la'asar. "Jiya mun gama ɗakin injin," yakan ce, yana juya cokali. "Na ce musu a ƙara wa injin hagu ƙarfi. Turawan da suka yi na farko sun yi ƙoƙari daidai iyawarsu, ba na raina su. Amma akwai abubuwan da sai an zo Gadarif." Bai taɓa cewa jirgin yana tashi ba, kuma bai taɓa cewa ba ya tashi ba. Hamisu, wani manomi daga Doka, ya tambaya ko za a iya ara masa shi kwana biyu ya kori tsuntsayen jan-baki daga dawarsa. Kwamanda ya ce zai duba jadawali. Wata tsohuwa, Hajar, ta aiko a gaya masa kakanninta da ƙafa suka baro Kano za su Makka suka maƙale a nan, ko jirgin zai ƙarasa da ita. Ya aika mata cewa ya ware mata kujerar taga.

Ana haka abubuwa biyu suka haɗu. Lajna, wato ƙungiyar 'yan kasuwar tasha, za ta zaɓi sabon shugaba, Uzairu ya tsaya, abokin karawarsa kuma Faisal mai injin niƙa, mutumin kirki amma wanda bai taɓa gina ko kwalekwale ba. Sannan masoyan shirin suka shelanta gasarsu ta shekara, kowa ya turo abin da ya gina. Hanadi ta shekara biyu a kan jirgin nan, kuma shi ne kaɗai abin da take da shi da za ta nuna wa wani ta ce ga hannuna. Uzairu ya dubi al'amuran biyu ya ga ɗaya ne. Sai dai ya lura da wani giɓi babba: kujerar kaftin babu kowa a kai.

Khalid ya ce akwai yadda ake yi. Za a zagaya mutum da waya a ɗauke shi hoto kamar ɗari uku ta kowane gefe, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da siffarsa sak. Sharaɗi ɗaya ne: minti biyar ba motsi, ba magana. Bashmuhandis ya ce ko awa biyar ne.

Aka fito da kujera tsakar gida da safe. Ya sha kaki, ya naɗa rawani mai tsawon mita bakwai, ya sauko da shi har gefen haɓa don ya ƙara kwarjini. Ya zauna, ya miƙa yatsa gaba. Khalid ya fara zagaye. An yi kusan minti ɗaya cikin natsuwa, abin da Lami ta ce ba ta taɓa gani ba tun aurensu. Sai maƙwabta suka fara leƙowa ta kan katanga. Shugaba ba ya ganin jama'a ya yi shiru. Ya juya dama ya yi musu bayanin injin hagu. Ya juya hagu ya yi wa 'yan kasuwar da ke cikinsu alkawarin rumfunan kwano a tasha. Ya ɗaga kai ya gargaɗi yaran da ke kan bishiya, ya sunkuya ya tsawata wa akuyar Lami da ta zo ta bayansa tana tauna gefen jallabiya. Iska kuma tana ta wasa da rigar. Khalid ya roƙe shi sau huɗu, daga baya ya sallama, ya ƙarasa zagayen yana addu'a.

Da azahar kwamfuta ta gama haɗawa. Uzairu yana alwala a waje ya ji Hanadi ta yi wata ƙara a diwan, sannan ya ji kamar mutane biyu suna shaƙewa. Da ya leƙa ya tarar an rufe kwamfuta, Khalid ya kifa kai a kan tebur kafaɗunsa na rawa, Hanadi tana share hawaye da mayafi. Ya fahimta. Ba kowa ke iya ɗaukar kwarjini haka kai tsaye ba.

"Yaya," in ji Hanadi, "hoton nan fa akwai 'yar matsala. Gara a sake."

"Ba a sake tarihi," in ji shi.

Washegari ta sake gwadawa, ya katse ta da labarin fankar Omda. Ta tura Lami, ya ce mata harkar sama ba ta cikin gida ba ce. Sai Hanadi ta jefa siffar a wata jaka ta kwamfuta, ta rubuta mata suna da Larabci, Kada a Taɓa, ta yi fatan ya manta.

Ranar rufe gasa Hanadi ta cike takardar shiga, ta liƙa jirgin gaske, sai Lami ta kira su fatur, abincin hantsi. Suka tashi suka bar allo a buɗe. Bashmuhandis ya shigo ya zauna. Ya iya tura wa abokan ciniki hoton batir, saboda haka kwamfuta ba ta da wani sirri a wurinsa. Ya ga an liƙa jirgi, an bar kaftin a ƙasa. Ya lalubo jakar Kada a Taɓa, ya ga sunansa a ciki, ya ji daɗin wannan girmamawa. Bai buɗe ba, ya san fuskarsa. A ƙasan takardar akwai wasu gurabu da Ingilishi, kowanne da nasa rukunin gasa. Ya bi su da yatsa har ya kai kan wata kalma da ta fara da a da l da i. Aali! Maɗaukaki ke nan da Larabci. Ashe Turawan ma sun san ana ware wa manya wuri. Nan ya liƙa kansa, ya rubuta cikakken sunansa da lambar wayarsa, ya danna turawa, ya tafi cin wake.

Bayan sati uku saƙo ya zo wa Hanadi. Jirginsu ya zo na biyu a rukunin jirage, cikin ɗari da wani abu. Har wani mai ofishin zanen gine-gine a wata ƙasa ya rubuto yana tambaya ko za ta yi musu aiki daga inda take. Ta rungume Lami suka yi kuka tare. Uzairu ya taya ta murna cikin tausayawa, ya ce na biyu ma ba laifi ga mai koyo. A aljihunsa akwai nasa saƙon, ya shigo tun asuba: dogon Ingilishi, hoton kofin zinariya, lamba ɗaya, da sunansa da manyan baƙaƙe. Bai nuna wa kowa ba. Irin wannan labari ba a ɓarar da shi a tsakar gida.

Ana jibi zaɓe ya kafa rumfa a ƙofar gida, ya yanka raguna biyu, ya aro babbar talabijin daga gidan kallon ƙwallo. Omda ya zo, 'yan lajna suka zo, Faisal ma an gayyace shi don ya gani da idonsa. Mata suka cika tsakar gida suna leƙe ta ƙofa. Don fassara aka ɗauko Ustaz Suleiman, malamin Ingilishi mai ritaya, wanda aka sani da cewa ko takardar magani ya karanta sai ya haɗa da adireshin masana'anta.

Bayan la'asar Kwamanda ya miƙe, taurari na walƙiya har gwiwar hannu. "Ya jama'a, ni ba mai son yabon kai ba ne, kowa shaida ne. Amma duniya ta zauna, ta duba gabas ta duba yamma, ta ce a cikin maɗaukaka akwai na ɗaya. Ban nema ba. Yanzu ku tambayi kanku, mutumin da aka damƙa wa taurari, tashar Doka za ta gagare shi?" Ya yi minti arba'in yana faɗaɗa wannan tambaya, nama na hucewa. Sannan ya miƙa wa Ustaz waya, ya umarci Khalid ya haɗa ta da talabijin.

Ustaz ya gyara tabarau ya karanta a zuci. Ya kai ƙarshe, ya koma farko. Ya yi tari, ya matso ya ce a hankali ko za su ɗan shiga daga ciki tukuna.

"Karanta a nan, ya Ustaz. Kada ka rage ko wasali."

Daidai nan hoton ya fito a allo yana juyawa sannu-sannu. Wani farin tudu ne mai kama da kitse da ya narke ya sake daskarewa, an yayyafa masa taurari. A samansa wani ƙullutu mai naɗi-naɗi. A jikin ƙullutun akwai baki a dama, baki a hagu, ɗaya yana kallon sama, ɗaya yana kallon ƙasa, duka a wangame. Hannu ɗaya ya fito da yatsu tara, dukansu suna nuni. Ta baya kuma ga ƙafafu biyu masu kofato da ɗan guntun bindi. Wani jariri ya fashe da kuka a cikin gida. Hanadi ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya.

Ustaz Suleiman ya fara, da muryar da yake karanta sakamakon jarrabawa. Ana taya Uzairu Wada murnar zuwa na ɗaya a rukunin aliens, wato dodannin wasu duniyoyi. Alƙalai sun ce sun shekara goma ba su ga halittar da ta tayar musu da tsigar jiki kamar wannan ba. Ɗaya daga cikinsu ta kasa cin abinci. Mutum dubu goma sha ɗaya sun riga sun sauke dodon sun sa a jiragensu, yawanci a ɗakin shara, inda yake faɗo wa matafiya. Suna roƙon maƙerin ya sanar da su sunan halittar da abin da take ci.

Omda ya daɗe yana duban allo, ya dubi mai gida, ya sake duban allo. Sannan ya karkata wajen Faisal mai injin niƙa ya kama hannunsa ya ce, "Mabruk. Barka da cin zaɓe."

Uzairu ya buɗe baki, karo na farko a tarihin Gadarif ba abin da ya fito. Da ƙyar ya tattaro murya ya ce na ɗaya dai na ɗaya ne, kuma a rufe taro da addu'a. Amma an ce wa Ustaz kada ya rage ko wasali, kuma saura layi biyu.

"Abin da ya fi burge alƙalai," Ustaz ya ci gaba, "shi ne halittar tana da baki huɗu, ba ta da kunne ko ɗaya. Suna tambaya, yaya irin wannan take rayuwa a cikin danginta?"

Lami tana bakin ƙofa da tiren shayi a hannu. Ta ajiye shi a hankali don kada kofuna su zube.

"Ku rubuta musu, ya Ustaz," ta ce, "ku ce tana rayuwa lafiya lau, har da ƙiba. Dangin ne dai sai addu'a."

Ustaz ya laluba aljihu ya zaro biro.